Jarrabawar Fita Sakandare: Shaidar Da Ɗan Talakan Kurfi Ya Ke Bukata

Kowace shekara, daga watan Mayu zuwa na Yuli, sa'ad da manoman ƙasar Kurfi su ke duban gabas suna sauraron ruwan shuka, 'ya'yansu da ke ajin ƙarshe na babbar sakandare su ma suna cikin nasu zullumin. A cikin waɗannan makonni ne a ke zauna jarrabawar Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, watau WAEC, sa'an nan a biyo da ta hukumar ƙasa, watau NECO. Uba yana bukatar ɗansa a gona domin shuka da noman firi, ɗan kuwa yana can bisa benci a ɗakin jarrabawa, an ba shi awa biyu ko uku a kowace takarda ya nuna abin da ya koya cikin shekara shida. Wanda ya samu kiredit biyar, musamman in akwai Turanci da Lissafi a ciki, ya samu hanyar neman gurbi a Jami'ar Tarayya da ke Dutsin-Ma, ko Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da ke garin, ko wata makarantar gaba da nan. Wanda ya rasa kuwa sai ya koma gida ya jira baɗi, in har akwai kuɗin sake biya.

Wannan hali shi ya sa tambayar nan ta ke yawan tasowa a tsakanin malamai da iyaye da su kansu 'yan makaranta: shin wajibi ne sai an yi jarrabawar ƙarshe kafin a ce yaro ya gama sakandare? Me zai hana a dogara da makin da malamansa suka riƙa ba shi tun daga aji ɗaya, da ya ke su ne suka san shi ciki da waje? Tambayar ba ta raini ba ce, domin akwai ƙasashen da suka gwada haka. Amma wanda ya auna al'amarin daga inda yaron Birchi ko Wurma ko Rawayau ya ke tsaye, zai ga cewa soke jarrabawar nan shi za ta fi cuta. Abin da ya ke bukata shi ne a bar masa ita, kuma a ba shi haƙƙinsa na karatu kafin ranarta ta zo.

YADDA AKA FARO

Ƙasar Katsina ba baƙuwar jarrabawar boko ba ce, gama a birnin Katsina aka buɗe kwalejin farko ta Arewa a 1922, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ita ce Kwalejin Barewa ta yanzu. A zamanin Turawa, babbar takardar shaidar sakandare daga Ingila ta ke fitowa, wajen hukumar jarrabawa ta Jami'ar Kambirij. Bayan rahoton da Dokta G. B. Jeffery na Jami'ar Landan ya bayar a 1950, sai aka kafa WAEC a 1952 domin ƙasashe huɗu, watau Nijeriya, da Ghana, da Saliyo, da Gambiya. Laberiya ta shigo a 1974.

A tsohon tsari yaro ya kan yi shekara biyar a sakandare, sa'an nan ya zauna jarrabawa guda wadda za ta sa shi a daraja ta ɗaya, ko ta biyu, ko ta uku, ko kuwa ya faɗi. Duk ƙoƙarin da ya yi a aji tsawon shekarun nan ba ya shiga lissafi ko kaɗan. Masana ilmi na ƙasar nan sun daɗe da ganin aibin haka. Babban taron manhajar karatu da aka yi a Legas a 1969 ya share fage, har aka fito da Manufar Ilmi ta Ƙasa a 1977, aka yi mata gyara a 1981. Daga cikinta tsarin 6-3-3-4 ya fito, wanda aka fara aiki da shi a 1982, ko da ya ke jihohi ba su fara tare ba.

Babban abin da wannan manufa ta kawo shi ne gwajin yau da kullum, watau malami ya riƙa auna ɗalibi a kai a kai ta hanyar ƙananan gwaje-gwaje da aikin gida da aikin hannu, yana ajiye makin a littafi. Manufar ta ce a hankali za a daina jarrabawar fita firamare, a dogara da irin wannan gwaji. A babbar sakandare kuwa aka yi raba-daidai: tun daga sabuwar jarrabawar da aka fara a 1988, makin makaranta yana da kashi 30 cikin 100, jarrabawar ƙarshe tana da kashi 70. Ke nan Nijeriya ta riga ta ba malamin aji rabonsa fiye da shekara 30 da suka wuce. Abin da a ke gardama a kai yanzu shi ne ko za a miƙa masa sauran kashi 70 ɗin.

HUJJOJIN MASU SON A SOKE

Ya kamata a saurari masu wannan ra'ayi da kunnen basira, domin hujjojinsu suna da nauyi. Ta farko ita ce rana ɗaya ba ta isa ta zama ma'aunin mutum ba. Jarrabawar tana faɗowa a farkon damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya ke fara kama mutane. Yarinyar da ta ke ta ɗaya a ajinsu tun daga aji ɗaya tana iya wayar gari da masassara ranar Lissafi, ta rasa shekara guda cur saboda abin da ba laifinta ba ne.

Ta biyu, tsoron jarrabawa ya kan karkatar da koyarwa. Da yaro ya shiga ajin ƙarshe sai a ajiye littattafai a koma haddar tambayoyin shekarun baya. Abin da ba a tambaya a jarrabawa ba a kula da shi, ko da kuwa shi zai fi amfanar ɗalibi a rayuwa, kamar iya rubuta wasiƙa mai ma'ana, ko lissafin takin da gona ta ke bukata.

Ta uku, kuɗi. A 2022 WAEC ta ƙara kuɗin rajista daga Naira 13,950 zuwa Naira 18,000, kuma bai tsaya nan ba. Ga manomin da ke da 'ya'ya biyu a ajin ƙarshe, wannan na nufin sayar da akuya ko taɓa hatsin rumbu. Gwamnatocin jihohi su kan ɗauki nauyin biya, amma Katsina da Kano sun bi tsarin jarrabawar share fage a wasu shekaru, ta yadda sai wanda ya ci ta gwamnati za ta biya wa. Ɗalibin da ya faɗi wannan, kuma gidansu babu hali, ya gama shekara shida ke nan ba tare da ya ga ko da takardar tambayoyin ba.

Ta huɗu, satar jarrabawa, wadda ta daɗe tana zubar da mutuncin takardar shaidar. A 1977 tambayoyin WAEC suka fita kafin ranar jarrabawa har abin ya zama abin kunya ga ƙasa, gwamnati ta naɗa kwamitin bincike na Mai Shari'a Sogbetun. A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta kafa dokar soja mai hukuncin ɗaurin shekara 21 ga mai maguɗin jarrabawa, a 1999 kuma aka sake wata dokar mai sassauci. Duk da haka cutar ba ta warke ba. Ranar 28 ga Mayu, 2025, an jinkirta takardar Turanci ta WAEC saboda fargabar fitar tambayoyi, har ɗalibai a wurare da dama suka yi ta rubutu da dare da hasken tocila. Da sakamakon shekarar ya fito a watan Agusta, hukumar ta ce kashi 38 cikin 100 ne suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Bayan 'yan kwanaki ta amsa cewa an yi kuskure wajen duba wasu takardu, ta mai da adadin kusan kashi 63. Wanda ya ga wannan ba za a ga laifinsa ba in ya ce ma'aunin ma kansa yana bukatar a auna shi.

Hujja ta biyar ita ce ta fi shafar wannan yanki. Takarda ɗaya a ke ba yaron Legas da yaron Kurfi, alhali kuwa ba kwanaki ɗaya suka yi a aji ba. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantun ƙasar nan saboda annobar korona, 'yan ajin ƙarshe ba su koma ba sai farkon Agusta, aka fara jarrabawa ranar 17 ga watan. Wannan ya shafi kowa. Amma ranar 11 ga Disamba na shekarar 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, gwamnatin jiha ta sake rufe makarantu. Kurfi tana maƙwabtaka da Batsari da Safana, waɗanda ke bakin dajin Rugu, saboda haka rashin tsaron waɗannan shekaru ya taɓa zuwan ɗalibai makaranta, ya kuma taɓa zaman malamai a ƙauyuka. A ce wanda aka hana wa karatu ya yi tsere da wanda bai rasa rana ɗaya ba, lalle akwai rashin adalci a ciki.

ABIN DA WASU ƘASASHE SUKA GANI

Da ya ke gani ya kori ji, bari mu duba inda aka gwada sokewar. A Amurka kowace jiha ita ke tsara dokar ilminta, kuma jihohi da yawa sun janye sharaɗin cin jarrabawar jiha kafin a ba ɗalibi takardar gama sakandare. A watan Nuwamba na 2024 masu jefa ƙuri'a a Jihar Massachusetts suka zaɓi a cire wannan sharaɗi. Sai dai ko a can ba a daina zauna jarrabawar ba. An bar ta domin hukuma ta riƙa sanin makarantar da ke koyarwa da wadda ba ta yi.

Darasin Ingila ya fi kusa da mu, da ya ke daga can muka gaji tsarinmu. A 2020 annoba ta sa aka soke jarrabawar fita sakandare, aka ce malamai su ba kowane ɗalibi makin da su ke ganin zai samu. Hukuma ta ji tsoron malamai za su yi rangwame, sai ta sa lissafin kwamfuta ya daidaita makin bisa tarihin kowace makaranta. Lissafin ya rage kusan kashi 39 cikin 100 na makin da malamai suka bayar, aka kuma yi kukan cewa haziƙan yara na makarantun unguwannin talakawa su abin ya fi dokewa, domin an auna su da sakamakon waɗanda suka gabace su. Zanga-zangar ɗalibai ta sa gwamnati ta janye ranar 17 ga Agusta, aka koma ga makin malamai. Me ya biyo baya? Yawan sakamakon da ya kai manyan darajoji biyu na sama a babbar jarrabawarsu ya tashi daga kashi 25 a 2019 zuwa kashi 38 a 2020, sa'an nan kashi 44 a 2021. A shekarar 2021 ɗin makarantun kuɗi sun kai wajen kashi 70, na gwamnati na gama-gari kuwa wajen kashi 39. A 2022 Ingila ta koma ga jarrabawa.

Ƙasar Sin ta sha nata ɗacin tun kafin haka. A 1966 aka dakatar da jarrabawar shiga jami'a, daga baya aka koma ɗaukar ɗalibai bisa shawarar shugabannin ma'aikatu da na ƙauyuka. Nan da nan sanayya ta shiga, masu uwa a gindin murhu suka riƙa samun gurabe. Da Deng Xiaoping ya mai da jarrabawar a ƙarshen 1977, mutum miliyan 5 da dubu 700 suka zauna ta, suna neman guraben da ba su kai 300,000 ba, kuma da yawa daga cikinsu daga gonaki da masana'antu suka fito. Faransa kuwa, wadda maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram su ke bin tsarin jarrabawarta ta bakaloriya, ta yi gyara ta ba makin makaranta kashi 40 daga 2021, ta bar wa jarrabawa kashi 60. Ba ta soke ba.

IDAN AKA SOKE A KURFI

To, mu dawo gida mu ƙaddara an wayi gari an ce babu WAEC babu NECO, takardar da shugaban makaranta ya sa wa hannu ita ce shaida. Malamin sakandare a gari irin Kurfi ba baƙo ba ne. Yana sallah a masallaci ɗaya da iyayen ɗalibansa, yana cin bashi a kantin wani, wataƙila yana auren 'yar wani. Ranar da makin da ke hannunsa ya zama shi kaɗai ne mabuɗin jami'a, ba zai ƙara samun barci ba. Ɗan siyasa zai aiko, attajiri zai aiko, surukinsa ma zai zo da kansa bayan sallar isha'i. Malami mai tsoron Allah zai ƙi, ya sha baƙin jini, wataƙila a yi masa canjin wurin aiki zuwa ƙauyen da babu hanya. Mai rauni kuwa zai ba da kai. A duk lissafin nan, yaron da ubansa ba shi da wanda zai aika shi ne zai koma baya.

Ko babu matsin lamba, akwai matsalar mudu. Mai sayen gero a kasuwar Dutsin-Ma ya kan yarda da ciniki ne domin ya san girman tiyar da a ke awo da ita. Da a ce kowane mai hatsi zai zo da tasa tiyar daga gida, da ciniki ya gagara. Haka makin malamai ya ke. Kashi 70 a hannun malami mai tsanani ya fi kashi 90 a hannun mai rangwame, amma a takarda ba mai iya bambancewa. Malamin da ke koyar da azuzuwa da yawa cike da ɗalibai kuma ba shi da sukunin duba aikin kowa da kyau, ko da ya so. Duk ma'aikacin ilmi ya san cewa a wasu makarantu sai an zo aika wa hukuma makin yau da kullum sa'an nan a ke zama a cike shi a dare ɗaya.

Sa'an nan mu tambayi kanmu, yaya jami'in ɗaukar ɗalibai a Zariya ko Ibadan zai yi in takardu biyu suka zo gabansa, ɗaya daga sananniyar kwaleji ta Legas, ɗaya daga sakandaren jeka-ka-dawo ta ƙauyen da bai taɓa jin sunansa ba, kuma kowace ta ce ɗalibinta haziƙi ne? Ba shakka sunan makaranta zai duba. A yau kuwa kiredit ɗin Lissafi da yarinyar Tsauri ta samu daidai ya ke da na 'yar minista, domin wanda ya duba takardarta yana wani gari mai nisa, bai san ta ba, bai san ubanta ba. Ɗan mai hali yana da hanyoyi da yawa na nuna kansa. Ɗan talaka wannan takarda kaɗai gare shi. Ga 'ya'ya mata abin ya fi haka, gama sau da yawa sakamako mai kyau daga hukumar da kowa ya yarda da ita shi ke sa uba ya amince 'yarsa ta wuce makarantar koyon aikin jinya ko ta horon malamai.

Wannan ma ba sabon abu ba ne a al'adarmu ta karatu. Almajirin da ya rubuta Alƙur'ani da ka, ba a karɓar rubutunsa don malaminsa ya yabe shi kawai, sai wasu alarammomi sun bi shi shafi-shafi sun duba. A musabaƙar karatu ta ƙasa, wadda Jami'ar Sakkwato ta fara shiryawa a 1986, alƙalai ne ke zaune suna saurare, ba malamin da ya koyar da mai karatun ba. Magabata sun san cewa shaidar na gida ba ta isa ba sai na waje ya gaskata.

Akwai kuma wani amfani da a kan manta da shi. Sakamakon jarrabawa yana auna gwamnati kamar yadda ya ke auna ɗalibi. Idan makaranta ta yi shekara uku babu wanda ya ci Fiziks, ma'aikatar ilmi ba ta da inda za ta ɓuya, dole a tambaya ko akwai malamin darasin a wurin. Ranar da aka soke jarrabawa kowace makaranta za ta ba da rahoton cewa ɗalibanta duk sun ci, kuma makarantar da ba ta da malami za ta yi kama da wadda ke da goma. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma da ɗalibi da hukuma duk suna bukatar wannan rana.

HAƘƘIN DA KE KAN HUKUMA

Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gwamnatin da ta wajabta wa yaro jarrabawa ta ɗauki alkawarin shirya shi domin ta, kuma hujjojin nan biyar da aka ambata a baya su ne jerin aikin da ke gabanta.

Da farko, kwanakin karatu. Duk makarantar da aka rufe saboda tsaro ya kamata ofishin shiyya na ma'aikatar ilmi ya ƙidaya makonnin da ta rasa, a shirya wa 'yan ajin ƙarshe darussan cike giɓi a wurin da ke da aminci, a kuma biya malaman da suka yi aikin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, malamai da kayan aiki. Ba daidai ba ne ɗalibin kimiyya ya fara taɓa kayan gwaji a makon jarrabawa. Dutsin-Ma tana da jami'a tun 2011, tana da kwalejin horon malamai, saboda haka wannan yanki bai kamata ya yi kukan rashin malamin Turanci ko na Lissafi ba, in dai za a ɗauki waɗanda suka gama, a raba su bisa bukata, a kuma ba na ƙauye wani ɗan alawus da zai zaunar da shi.

Na uku, kuɗin rajista. Jarrabawar share fage tana da amfani in an yi ta domin a gano raunin ɗalibi tun da sauran lokaci a taimake shi. In ta zama shingen da zai hana ɗan talaka zama, to, an yanke masa hukunci kafin a saurare shi. Kowane ɗalibin makarantar gwamnati da ya kai ajin ƙarshe ya cancanci a biya masa aƙalla jarrabawa ɗaya, kuma a biya a kan kari, don kada hukumar jarrabawa ta riƙe sakamako saboda bashi har lokacin ɗaukar ɗalibai ya wuce.

Na huɗu, a mai da kashi 30 na malami abin gaskiya. Sufetocin makarantu su riƙa zuwa ba sanarwa, su ɗauki littattafan ɗalibai su gwada da makin da aka rubuta. Idan wannan kaso ya inganta, shi zai tallafi yarinyar nan da masassara ta kama ranar Lissafi, kuma a lokacin ne za a iya maganar ƙara shi zuwa 40 kamar yadda Faransa ta yi.

Na biyar, maguɗi. Yaro ɗan shekara 17 ba shi ke buɗe buhun tambayoyi ba, ba shi ke rubuta amsa a allo ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hukunci ya fara daga manya, watau masu sa ido da shugabannin makarantu da masu makarantun da suka yi suna wajen sayar da sakamako. WAEC ta fara gwada jarrabawa da kwamfuta a 2024 ga masu zama na kashin kansu, a 2025 kuma Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar nufin mai da jarrabawar makarantu ga wannan hanya domin toshe satar amsa. Niyyar tana da kyau, amma mutanen Kurfi da Dutsin-Ma ba su manta ba cewa a watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda tsaro, nasu suna ciki. Kafin a ce yaro ya amsa tambaya da kwamfuta, sai a tabbata ya saba da ita tun daga ƙaramar sakandare, kuma akwai wutar da za ta riƙe ta. In ba haka ba, an ƙara wa na birni fifiko ne kawai.

Na ƙarshe, kada faɗuwa ta zama ƙarshen hanya. Ban da WAEC da NECO, wadda aka kafa a 1999 ta fara jarrabawa a 2000, akwai NABTEB ta fannin sana'a da kasuwanci tun 1992, akwai kuma NBAIS ta fannin Larabci da addinin Musulunci. Jami'o'i da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe, kuma akwai jarrabawar masu zaman kansu ga wanda ya ke son cike abin da ya rasa. Aikin malamin ba da shawara ne ya nuna wa kowane ɗalibi ƙofar da ta dace da shi tun yana aji huɗu.

Ga 'yan makaranta da ke karanta wannan shafi, ku sani cewa jarrabawar da ku ke tsoro ita ce wuri guda da ba a tambayar ɗan wane ne kai. Kada ku sayar da wannan dama da amsar sata, domin wanda ya shiga jami'a da kiredit ɗin da ba nasa ba, tun a shekarar farko asirinsa ya ke tonuwa. Ga ma'aikatan ilmi kuwa, daga hedkwata a Katsina har zuwa ofishin shiyya, idan sakamakon bana ya fito, kafin a ce yara ba su karatu, a ɗauko rajistar kowace makaranta ta ƙasar Kurfi a duba kwana nawa aka buɗe ta, malamai nawa suka shiga aji, da ranar da aka biya kuɗin jarrabawa. Allah ya ba mu ikon gyarawa.